Zaren Ƙasa

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Ruwa ya sauko tun da asuba bai ɗauke ba sai hantsi, titunan unguwar Zariya ta Maraɗi duk sun koma rafi. Shamsu yana tura motonsa, babur ɗinsa na haya, cikin zaure, don babu mai hawan kabu-kabu a wannan caɓi, sai ya ji ƙarar keken ɗinki daga bayan katanga. Ya tsaya cak da moton a hannu. Mako uku ke nan keken nan bai yi magana ba.

"Salima! Kina jin abin da nike ji?"

Matarsa ta leƙo daga madafa tana dafe da ƙugu, cikinta wata bakwai. "Tun ɗazu take yi. Ta taka kaɗan ta tsaya, ta taka kaɗan ta tsaya. Na shiga ta koro ni. Ta ce in ka dawo ka tahi, kai take nema."

"Ni? Mi na yi kuma?"

"Kai ka sani."

Iya Tabawa ita kaɗai take zaune a gidan da ke manne da nasu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Shekara arba'in abu biyu kawai take yi a kan keke: kalmasa, da bin bakin mayafi da dantel, siririn leshin nan mai huda-huda. Ba ta yanka riga, ba ta ɗinka wando. Amma duk mayafin da ya gagari telolin kasuwa, irin mai santsin nan da ke zillewa ƙarƙashin allura, gidanta ake aiko shi. Takan ninka bakin sau biyu, ta danne da farce, ta bi shi da ɗinki ƙanana kamar jerin ƙwayar gero. In ta kai ƙarshe sai ta koma baya taku uku ta ƙulle. Wanda bai ƙulle ɗinkinsa ba, a wurinta ba tela ba ne, ɗan wasa ne.

Shamsu ya san wannan sarai, don ya taɓa zama almajirin kekenta. Ya bar lakwal, makarantar boko, a aji biyar, ya yi gareji ya bari, ya sai da esansi, man fetur, a kwalba ya bari, sannan uwarsa ta kai shi wurin Iya Tabawa. Wata huɗu ya yi. A wata huɗun nan sau shida ta bar shi ya hau keke. Sauran ranakun reza take miƙa mashi da tsoffin tufafi, ta ce ya farke ɗinkin ba tare da ya ci ƙyalle ba. Ranar da ya gaji ya ajiye rezar ya fita, ba ta hana shi ba. Tun daga nan dai take kiransa Sarkin Gudu.

Ya same ta zaune a kan kujerar keken, ƙafafunta sun kumbura sun yi sumul, tana haki. Farin ƙyalle ya rufe cinyarta ya zubo har ƙasa.

"Ina kwana, Iya. Ya jiki?"

"Jiki shina nan inda ka bar shi. Zauna ƙasa, Sarkin Gudu. Ƙahwata ta ƙi. Kai za ka taka mani."

"Iya, likita ya ce ki kwanta hwa."

"Likita shi zai ɗinka mani? Zauna."

Ya zauna a ƙasa, ya ɗora tafin hannunsa biyu a kan matakin keken. Sai a lokacin ya kalli ƙyallen da kyau. Fari ne tas, ba fure, ba zane. Gefe guda ga wasu ƙananan ƙyallaye an ninke, su ma farare.

"Iya, wanga na wane ne?"

"Nawa ne. Kana mamaki? Da kuɗin kalmasa na saye shi, shekara shida shina cikin akwati. Sauran duk na gama su. Wanga babban na waje ya rage." Ta buɗe wani tsohon gwangwanin biskit, ta fito da dantel a naɗe, fari mai ƙananan ganye. "Shekara arba'in ina sa ma matan Maraɗi. Amare, masu jego, matan alhazai, har 'yan Tibiri. Ban taɓa sa ma kaina ba. Yau sai na ga yadda zai yi mani."

"A jikin likkahwani, Iya?"

"Taka, na ce. Sannu-sannu, ba moto ba ce."

Ya fara dannawa. Keken ya ɗauka, tik-tik-tik, ita kuma tana jan ƙyallen da yatsunta masu rawa. Daga inda yake zaune a ƙasa bayan ɗinkin yake gani, kuma abin da ya gani bai yi mashi daɗi ba. Takun allurar manya ne, kowane ya kusa faɗin farce, irin na mai koyo. Zaren sama ya saki, yana barin 'yan madaukai. Zaren ƙasa kuwa, wanda ke fitowa daga kwarkwaron keken, shuɗi ne, kakkaura, irin na ɗinkin wandon makanikai. Shuɗi a jikin fari.

"Iya, zaren kwarkwaron nan shuɗi ne."

"Na sani."

"In sake maki hwari?"

"Idona ya hi naka. Taka."

Da suka kai kusurwa ta ɗaga allura, ta jawo zaren ya yi tsawon taƙi, ta yanke ta bar shi yana reto. Ba ta koma baya ba. Shamsu ya ɗaga kai.

"Ba ki ƙulle ba."

"Lallai! Wata huɗu ya zama malam. Kai za ka koya mani?"

Ya ci gaba da dannawa. Haka suka bi gefe huɗu, suna tsayawa tana shan iska, kowace kusurwa da jelar zarenta. Da suka gama ta ce ya shimfiɗa mata shi a kan gado. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa dantel ɗin da bayan hannu, ta yi 'yar dariya.

"Ashe da ya yi mani kyau." Sannan ta juyo. "Ka ji ni da kyau. Wada, ɗan wan mijina, zai zo da nashi, sabo daga kanti, don a ce ya yi. Ban so. A wanga za a sa ni. Ka yi mani alkawali."

"Iya, ki daina wagga magana."

"Ka gudu daga lakwal, ka gudu daga gareji, ka gudu daga nan. Wanga ɗaya kada ka gudu."

"Na yi alkawali."

"To. Abin da ya rage kuma na Salima ne. Ninke ka sa akwati."

Ta kwanta, kafin ya gama ninkin farko barci ya ɗauke ta. Shamsu ya tsaya da ƙyallen a hannu yana kallon jelolin zaren nan. Matar da telolin kasuwa ke jin kunyar nuna ma aikinsu, a ce ɗinkinta na ƙarshe haka zai fita gaban mutane, a sake, ba ƙulli? Ciwo ne ya ci hannunta, ba ita ba ce. Ya zauna a kujerar. Ya mai da ɗan ƙarfen da ke daidaita taku zuwa mafi ƙanƙanta. Bai taka ba, don kada ƙara ta tashe ta. Da hannu ya riƙa juya tayar keken a hankali. Kowace kusurwa ya bi ta gaba da baya, gaba da baya, tsawon yatsa uku, har ɗinkin ya yi tauri kamar ƙashi. Ya datse jelolin da almakashi. Ya ninke ya sa a akwati, ya fita yana jin ya yi mata wani abu.

Ranar Asabar da safe rana ta fito. Ya kai wata mata Tibiri da buhun yakuwa, yana juya moto sai wayarsa ta yi ƙara. Salima ce. Ba ta yi sallama ba.

"Ka dawo. Iya ta cika."

"Yaushe?"

"Yanzu. Na kai mata kunu, ta sha cokali biyu, ta ce in buɗe taga. Kahin in juyo."

Ko da ya iso an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman Hamidu na masallacin unguwa yana zaune a tsakiya. Motar Alhaji Wada, ɗan wan mijinta, mai kantin atamfa a Sabon Gari, ta tare rabin titi, direbansa yana fito da bandir ɗin farin yadi sabo fil a cikin leda. A can ƙarshen tabarma wani tsoho ya takure, ƙafarsa duk laka. Baba Mati ne, ƙanen Iya, manomi daga wani ƙauye bayan Jiratawa. Gidansu ba su bar al'adun kakanni ba, kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya matsa kusa da shi.

Shamsu ya shiga ɗakin, ya buɗe akwati, ya fito da ƙunshin. Ya durƙusa gaban Liman.

"Allah gahwarta Malam, Iya ta bar nata. Ta ce a shi za a sa ta. Ni ta ba amana."

"Masha Allah. Buɗe mu gani."

Ya buɗe ƙananan, Liman ya gyaɗa kai. Ya buɗe babban. Dantel ɗin ya kwanta a kan tabarma yana ɗaukar ido. Wani daga baya ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Mi ke nan?" in ji Alhaji Wada. "Amarya za mu kai? Malam, ka gani ko? Shekara hamsin cikin gidanmu, salla, azumi, ashe abin gidansu bai bar ta ba. Ado a kabari!"

Baba Mati bai ɗaga kai ba. Ya ƙara jan ƙafafunsa ƙarƙashin riga.

"Ba haka ba ne, Alhaji," in ji Shamsu. "So ta yi ta gani kawai."

"Ta gani a ina? Kai, ɗan kabu-kabu, ɗauke wanga. Ga yadi nan na kawo, wanda ya hi shi."

Liman ya ɗaga hannu. Ya jawo ƙyallen, ya murza shi tsakanin yatsu. "Yadin ba shi da laihi. Guminta ne, kuma wasiyya ce. Amma ado ba ya shiga rami. In an hidda shi, a sa ta a nata. In ba a hidda ba, a yi da na Alhaji." Ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa baƙi ƙirin. "Mata sun hwara wanka. An gama gina kabari. In sun hito ba mu jira, ruwa zai cika mana rami."

"A kawo almakashi a datse bakin duka," wani ya ce.

"A'a!" Shamsu ya dafe ƙyallen. "Daidai ta auna. In an datse ba zai ruhe ta ba."

Ya aika aka sayo reza wurin mai tebur. Ya zauna ya ɗora kusurwa ɗaya a gwiwa. Metir takwas na dantel ne a gabansa, ya san ko tela gwani sai ya yi awa biyu. Ya sa bakin rezar, bai sami inda za ta shiga ba. Ɗinkin kusurwar ya haɗe ya dunƙule, taku a kan taku. Nasa ne. Ya riƙa tsinka ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Iska ta taso ta ɗaga gefen tabarma. Alhaji ya dubi agogo, ya ce ma direba ya ciro yadin daga leda.

Ya fi minti ashirin a wannan yatsa ukun. Da ya tsinke na ƙarshe, sai bakin shuɗin zare ya fito ya miƙe a bayan ƙyallen. Ya kama shi don ya matsar, sai ya ji ya taho. Ya ƙara ja. Ya taho taƙi guda, sumul, ƙyallen yana tattarewa a bayansa, dantel yana sakin kansa.

Hannunsa ya tsaya. Ya ji muryarta kamar tana bayansa, shekara bakwai baya, tana ƙwanƙwasa mashi kai da murfin kwarkwaro: in za ka farke, juya bayan, nemi na ƙasa ka ja, bar wahal da reza. Manyan takun, sakakken zaren sama, jelolin da ta bari a kowace kusurwa, shuɗin da ko makaho zai gani a jikin fari. Ba ciwo ba ne. Ta san za a cire. Ta ɗinka shi ne don wanda bai iya komai ba sai farka ya ja sau huɗu a gama.

Ya ci gaba da ja, zaren ya yi ta tahowa, sai ya cije. Ya kai ɗaya kusurwar, inda ya ƙulle mata.

"Mi ya hwaru?" in ji Liman.

"Ni na ɓata, Malam," ya ce a hankali. "Ta bar shi a buɗe, ni na ƙulle."

Ba wanda ya gane abin da yake nufi, shi ma bai tsaya bayani ba. "Baba Mati, zo ka riƙe mani nan."

Tsohon ya dubi mutane, sannan ya taso ya durƙusa a tsakiyar tabarma ya kama ƙyallen da hannu biyu. Shamsu ya tsinke shuɗin zaren daf da kowane ƙulli, ya ja. Gefe ɗaya ya zare. Na biyu. Na uku. Na huɗu ya tsinke a tsakiya, ya nemo bakin da farce ya ƙarasa. Dantel ɗin ya zube, sai kusurwa uku da ke riƙe da shi.

A ƙarƙashinsa kalmasar ta bayyana. Ninki biyu, siriri, farin zare a kan fari, taku ƙanana a jere ba wanda ya fi wani. Tun tana da lafiya ta yi ta. Alhaji Wada, da ya ƙare rayuwarsa cikin yadi, ya sunkuyo ba tare da ya shirya ba. Ya bi bakin da babban yatsa tun daga wannan kusurwa har waccan.

"Kalmasa dai ba ado ba ce, ko Malam?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ba ado ba ce."

Labulen zaure ya motsa. Wata tsohuwa ta leƙo. "An gama. A miƙo."

Saura ƙulli uku, kowane minti ashirin. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan hannun Baba Mati. Shamsu ya dubi dantel ɗin, guda ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ba haɗi ko ɗaya, haka ta bar ma Salima. Ya juya rezar. Maimakon ya bi tsakanin ƙyalle da dantel, sai ya sa ta ta sama, ya yanka cikin dantel ɗin kansa, ya kankare shi tare da ɗinkin da ke kansa, don kada bakin reza ya taɓa yadin. Ganyayyakin suka zube gutsi-gutsi a kan gwiwarsa. A kusurwa ta uku rezar ta karye ta yanke shi a yatsa. Ya sa yatsan a baki, ya janye hannun can nesa da farin.

"Alhaji, tsince mani zaren nan, jini gare ni."

Alhaji Wada ya tattara babbar rigarsa, ya durƙusa kusa da Baba Mati, ya tsince guntayen zaren da farcensa ɗaya bayan ɗaya. Ya hure wurin. Shi da kansa ya ninke ƙyallen ya miƙa ma tsohuwar.

"Mai da wancan mota," ya ce ma direba.

Sun yi mata salla ana yayyafi. Suna mai da ƙasa ta ƙarshe ruwan ya tsuge. Baba Mati ya hau bayan moton Shamsu suka dawo a jiƙe. Sai da ya sauka ya ce, "Tun tana ɗiya haka take. Ko tabarma ta saƙa sai ta gyara bakin."

Bayan la'asar ruwan bai tsaya ba. Salima ta shimfiɗa dantel ɗin a tsakar ɗakinsu, ta ɗauko tsohon ma'aunin Iya wanda lambobinsa suka koɗe, ta auna. Shamsu yana zaune bakin ƙofa, yatsansa ɗaure da tsumma, yana naɗe shuɗin zaren a jikin tsinken ashana.

"Nawa aka yi asara?" ya tambaya.

"Guda huɗu ya zama. Kowace kusurwa yatsa uku sun tahi. Duka-duka taƙi ɗaya da ɗan wani abu." Ta jera su gefe da gefe. "Dogayen biyu za su yi ma zanen goyo. Gajerun ban sani ba."

"Sai mi kuma?"

"Mayahwai uku na mutane a kan kekenta, ba ta taɓa su ba. Gobe sai ka mai da masu. Reza ɗaya ma ta tahi." Ta dubi hannunsa. "Da hwatar yatsanka."

Ya gama naɗe zaren ya ajiye shi a kan taga. Daga bayan katanga ba a jin komai sai ruwan indararo yana zuba cikin bokitin da Iya ta tara tun ranar Laraba.